Kocin da Ya Kai 'Yan Wasa Cirar Gyaɗa

Akwai wani bawan Allah a Kafin Dafga, cikin ƙasar Karaye, ana ce masa Ilu. Sana'arsa faci, yana da 'yar rumfa a bakin titi inda yake gyaran tayar babur da keke. Amma idan ka tambayi samarin garin waye Ilu, ba za su ce maka mai faci ba, mataimakin koci za su ce.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin bayan Malam Barau, kocin ƙungiyar ƙwallon garin, Taurarin Dafga. Malam Barau shi ne mai tsayawa a bakin layi yana daka tsawa. Ilu kuwa shi ne mai hura ƙwallo, mai zuba toka a layin fili, mai ɗauko jarkar ruwa a bayan keke. Ba shi da yawan magana. Ko an ci ƙwallo ba ya tsalle, sai dai ya yi murmushi ya gyara hula.

Da girma ya zo wa Malam Barau, gwiwa ta fara hana shi tsayuwa, sai ya tara kwamitin ƙungiya ya ce zai huta. Aka tambaye shi wa yake gani zai gaje shi. Bai yi dogon tunani ba ya ce, "Ilu."

Nan fa gari ya ɗauka.

Kun dai san halinmu mu magoya bayan ƙwallo, ni ma ban cire kaina ba. Wanda bai taɓa gudun minti goma ba shi ya fi kowa sanin yadda ake cin kofi. A teburin mai shayi da tashar 'yan acaɓa ba a wani zance sai wannan. Wasu suka ce ai Ilu ɗan gida ne, ya san yaran ciki da bai. Wasu suka ce mataimaki mataimaki ne, kome daɗewarsa.

Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Sagiru, mai gidan kallon ƙwallo. Sagiru ya haddace sunayen kociyoyin Turai har da shekarar haihuwarsu, kuma idan ya fara bayani ba ya bari kowa ya sa baki.

"Don Allah ku daina ba mu kunya," in ji shi wata safiya a wurin mai shayi. "Mai ɗaukar jarka ne zai zama koci? Ni na san wani a Kano, ya yi kwas, yana da satifiket. Kira ɗaya zan yi masa ya zo."

Mai shayi ya ce, "Sagiru, Malam Barau fa ba yaro ba ne. Ya san abin da ya gani."

"Tsufa ne kawai. Ya ga wanda yake durƙusa masa kullum."

Ashe Ilu yana ƙarshen benci, ya juya baya yana shan shayinsa. Ya ji komai. Da ya gama ya ajiye kofi, ya yi wa kowa sai an jima, har da Sagirun, ya tafi rumfarsa.

Da surutu ya yi yawa, shugaban kwamiti Alhaji Abdulsalami ya raba gardama. Akwai wasa da ƙungiyar Zoza ta ƙasar Rogo nan da mako biyu, ranar Asabar, a can filin 'yan Zoza. Idan aka ci wasan, Ilu ya zauna. Idan ba a ci ba, a kira mutumin Kano.

Ilu ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

Kada ku ɗauka bai damu ba. Ya damu ƙwarai. Yana son aikin nan har cikin ransa, kuma ya daɗe yana fatan wata rana a ce shi ne koci. Bai dai iya faɗa ba ne.

Sai dai wasan ya faɗo a tsakiyar kaka. Ruwa ya ɗauke, gyaɗa ta nuna, kuma 'yan wasan Taurarin Dafga duk 'ya'yan manoma ne. Ranar atisayen farko, cikin mutum ashirin, bakwai ne kawai suka zo. Sauran iyayensu sun riƙe su a gona.

Da yamma Ilu ya wanke hannunsa ya nufi gidan Malam Mahmudu, mahaifin Bahauddeen, ɗan wasan gaban da ƙungiyar ta fi dogara da shi. Ya same shi a zaure, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, barkanku da yamma. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Ilu. Ya aiki? Ya iyalin?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Na san abin da ya kawo ka. Bahauddeen ba ya zuwa ko'ina. Idan ƙasa ta bushe ta kama gyaɗar nan, rabinta a ƙasa za ta zauna. Ko ƙwallo za mu ci a bana?"

"Gaskiyarku ne, Baba. Kwana nawa kuke gani cirar za ta ɗauke ku?"

"Ni da shi da ƙannensa, mako guda ne cur."

"Idan muka zo mu ashirin fa?"

Malam Mahmudu ya ɗago ya dube shi. "Gayya kake nufi?"

"Ita fa, Baba. Gobe bayan asuba, in kun yarda."

Haka aka yi, Ilu ya bi sauran iyayen da wannan shawara, su ma suka amince. Washegari 'yan wasa suka afka wa gonar Malam Mahmudu, kafin azahar sun gama. Rana ta biyu gonar mahaifin gola, ta uku ta wani. Kullum gona ɗaya, wani lokacin biyu idan ƙanana ne. Ilu ne a gaba, ya naɗe ƙafar wando yana bin kunya yana cira. Da yamma sai a ɗan taɓa ƙwallo na rabin awa, don jiki ya riga ya gaji. Amma yanzu kowa yana zuwa, ba uban da yake hanawa.

Sagiru kuwa ya samu abin yi. Duk wanda ya shigo gidan kallo sai ya tare shi. "Ka ji sabon salon koyarwa? An mayar da ƙungiyarmu 'yan ƙodago. Ranar Asabar da fartanya za su shiga fili." A yi ta dariya.

Ilu ya tsara a gama gonaki ranar Laraba, a ware Alhamis gaba ɗaya don atisaye na gaske, Juma'a a huta. Abin da yake so ya koya musu ranar shi ne tsaron bugun kwana, domin 'yan Zoza dogaye ne, sun shahara da cin ƙwallo da ka.

Ranar Laraba suna dawowa daga gona ta ƙarshe, sai suka bi ta gefen wata gona. A ciki akwai wata dattijuwa da 'yarta, su biyu kacal. Goggo Tasalla ce, mahaifiyar Sagiru, da ƙanwarsa Sadiƙa. Tun da mijinta ya rasu gonar ta dawo hannunta, kuma tun da gyaɗa ta nuna take yi wa Sagiru magana, shi kuma kullum amsarsa gobe. Ƙasar ta riga ta fara tauri. Goggo ta kama ganye ta ja, sai ya tsinke a hannunta, gyaɗar ta zauna a ƙasa.

Ilu ya tsaya ya gaishe ta. "Goggo, sannunku da aiki. Ku kaɗai?"

"Mu kaɗai, ɗan nan. Muna yi a hankali, inda Allah ya kai mu."

Da suka yi gaba kaɗan ya dubi yaransa ya ce, "Gobe nan za mu zo."

Bahauddeen ya ce, "Koci, gonar su Sagiru ce fa."

"Gonar Goggo ce."

"To atisayen gobe fa? Kai ka ce shi ne mafi muhimmanci."

Ilu ya fi kowa sanin abin da zai rasa. Daga bisani ya ce, "Idan aka ƙara kwana uku, ko da fartanya ba za ta samu rabin gyaɗar nan ba. Ba dole na yi wa kowa ba. Ni dai zan zo."

Da safe babu wanda bai zo ba.

Aikin ya ba su wuya fiye da duk na baya. Sai an sara da fartanya sannan a tono, kunya bayan kunya. Da hantsi ya yi, Goggo ta aika gida a ce wa Sagiru ya kawo fura, an zo mata gayya. Ya taho a kan babur da bokitin fura, yana ta mitar an tashe shi daga barci. Yana isowa ya ga rigunan da ya sani, ya ga Ilu a tsugune, ƙasa har gwiwar hannu.

Ilu ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, Sagiru. Ajiye mana a inuwa."

Goggo ta ce, "Ka ga 'ya'yan albarka? Wallahi ban kira su ba, su suka zo da kansu."

Mai bakin da ba ya mutuwa, ranar kunya ta hana shi tsayawa, ya ajiye bokitin ya juya. Su kuwa ba su bar gonar ba sai bayan la'asar, don haka atisaye bai yiwu ba.

Ranar Asabar aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Iyayen 'yan wasa, mutanen da a da ko kallon fili ba sa yi, suka cika bayan a-kori-kura suka bi ƙungiya har Zoza. Malam Mahmudu yana ta tambayar na kusa da shi wace raga ce tamu.

Kafin hutun rabin lokaci Bahauddeen ya zura ƙwallo ɗaya. Bayan an dawo ƙafafu suka yi nauyi. 'Yan Zoza suka samu kwana, wani dogo ya sa kai, ta shiga. Saura minti biyar a tashi suka sake samun wata, ta sake shiga. Aka tashi biyu da ɗaya. A hanyar dawowa Ilu ya yi ta ba yaran baki, amma shi kansa zuciyarsa ta karye.

Washegari bayan la'asar aka taru a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan Alhaji Abdulsalami. Tun kafin a ce komai Ilu ya ajiye usur da makullin akwatin riguna a kan tabarma.

"Alhaji, alkawari kaya ne. Ba mu ci ba. Duk wanda aka kawo zan taimaka masa yadda na taimaka wa Malam."

Alhaji ya nisa ya ce, "To Sagiru, sai ka kira mutuminka."

Malam Mahmudu ya yi gyaran murya. "Alhaji, mu ba 'yan kwamiti ba ne, kuma ba mu san ƙwallo ba. Amma mu ne masu 'ya'yan. Mun yi shawara a tsakaninmu. Ku kawo wanda kuka ga dama, sai dai idan zai taho ya taho da 'yan wasansa. Namu a hannun Ilu muka ba da su."

Sai Sagiru ya miƙe, kowa ya ɗauka gardama zai yi. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu kafin ya yi magana.

"Alhaji, ba zan kira kowa ba. Ƙwallo biyun da aka ci mu, duk daga kwana ne. Ranar da Ilu ya ware don ya koya wa yaran tsaron kwana, a gonar uwata suka wuni, suna aikin da ni ya kamata in yi. Idan akwai wanda ya ja mana rashin nasara, ni ne. Kuma duk abin da na faɗa a kansa ya ji, bai taɓa mayar mini ba."

Ya ɗauki usur da makullin, ya je gaban Ilu ya durƙusa, ya miƙa masa da hannu biyu. "Koci, ka yafe mini."

Malam Barau yana gefe ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, dariya kawai yake yi. Alhaji ya dubi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ja.

Ilu ya karɓa, idonsa ya cika da ƙwalla don farin ciki. Ya ce, "Babu komai, Sagiru, Allah ya yafe mana baki ɗaya. An dai shanya gyaɗar Goggo? Kada a bar ta a tare ta lalace."

Sagiru ya ce, "An shanya, Koci. Ni na shanya da hannuna."

Darasi: Kada ka raina mutum don ka saba ganinsa a ƙaramin matsayi, domin shugabanci ba a baki yake ba, yana wurin wanda ya san damuwar mutanensa ya kuma ɗauke ta tare da su. Alherin da ka yi, ko ya ja maka asara a yau, shi zai tsaya maka a ranar da ba ka da ta cewa. Idan labarin nan ya taɓa zuciyarka, ka tura wa abokan majalisarku, musamman wanda ya fi kowa iya koyar da ƙwallo daga kan benci.