Kafin Madugu Ya Shanye Ruwa

An yi wani sarki a Birnin Kaurare, Hamidu sunansa, wanda masana tarihi suka yi ittifaƙi a kan cewa a shekara goman farko na mulkinsa bai taɓa zaluntar baƙo ko ɗaya ba. Kafin maganar baƙo ta iso gabansa, baƙon ya gaji ya koma garinsu.

Birnin kuwa mahaɗar fatake ne, ayarin goro na zuwa daga Gwanja, na kanwa daga Borno, na gishiri daga arewa. Al'adarsu tun kaka da kakanni ita ce ba a kwance kayan ayari sai madugu ya durƙusa a fada an karanta takardarsa, an ji wane ne mai masaukinsa, wace rumfa ce tasa a kasuwa, wane alkawari ne tsakanin iyayensa da sarauta. Takardun nan dubbai ne, suna cikin gafaka a wani ɗaki a kan dutse, tafiyar rabin yini daga birni, inda magabata suka kai su don gudun gara da gobara. Dabarar ta yi aiki. Gara ba ta kai gare su ba, masu buƙatarsu ma haka.

Mai kula da su shi ne Magatakarda Malam Yahuza, dattijon da ya yi karatu har ya daina sa ran alheri daga kowane sabon abu. Shekara talatin yana aika mutum da jaki kan dutse da hantsi, su dawo da la'asar sakaliya, sau da yawa da gafakar da ba ita aka nema ba.

Wata shekara wani madugun goro mai suna Tanimu, abokin hirar Malam Yahuza, ya kwana shida a bakin ƙofa yana jiran takardarsa, huhunan goronsa suna bushewa a kan idonsa. Ran na bakwai ya shiga fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na zo sallama ne. Na kawo wa birninka goro, zan koma da tsakuwa. Baɗi in da rai zan kai kayana inda ake amsa sallama tun mai ita yana raye."

Maganar ta soki sarki, musamman da ya tuna ayari uku sun riga sun sake hanya. Ya dubi magatakarda ya ce, "Malam, an san ka da ilimi, mu kuma muna so mu ga amfaninsa. Na ba ka kwana arba'in. Daga nan duk madugun da ya durƙusa za a miƙa masa ƙoƙon ruwa, kamar yadda ake yi wa baƙo, kuma kafin ya shanye a faɗa masa abin da ke takardarsa. Ranar da ƙoƙo ya ƙare babu amsa, a ranar rawaninka zai koma kan wani."

Malam Yahuza ya ce, "Ranka ya daɗe, umarni ya isa. Wane irin ƙoƙo za a sa?"

Sarki ya ce, "Ƙarami."

Malam ya yi kwana uku yana tunani, ya gane cewa laifin ba na jaki ba ne. Ko dokin da ya fi kowane gudu aka ɗaura wa sirdi, dutse yana nan inda yake. Abin da ke cinye yini shi ne nisan da ke tsakanin mai tambaya da amsa, kuma babu wurin da ya fi kusa da bakin mutum kamar kansa. Sai ya tara mutum ashirin masu kaifin hadda, malamai da tsoffin dillalai da maroƙa biyu, ya raba musu takardu, wannan ya haddace na hanyar Gwanja, wancan na hanyar Borno, ya zaunar da su sahu a zauren fada. Idan ayari ya ƙaru, sai a ƙara mutum a sahu. Na ji an ce masu na'ura mai ƙwaƙwalwa na zamaninmu sun gano wannan dabara, suna riƙe bayanan kasuwanci duka a ƙwaƙwalwar na'ura maimakon ɗauko su daga ma'ajiya, suna kuma murna kamar su suka fara.

Ranar gwaji madugun farko bai kai ƙoƙo baki ba aka faɗa masa sunan kakansa da rumfarsa da mai masaukinsa, har ya tsorata ya zubar da ruwan. A yini ɗaya aka sallami ayari goma sha ɗaya. Fada ta ɗauki kabbara.

Malam Yahuza bai yi murna sosai ba. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, aikin bai cika ba. Abin da ke kan mutum yana tafiya tare da shi. Ina roƙon a yi wa kowane mahaddaci abokin hadda, don in ɗaya ya kwanta ɗaya ya tashi. Ina kuma roƙon duk Juma'a a rubuta sabbin alkawura, da rumfunan da aka yi musaya ko aka gada, a kai dutse."

Sarki ya ce, "Mutum biyu su ci tuwo a kan ilimi ɗaya? Kuma mu koma hawan dutsen da ka raba mu da shi? Malam, tsufa ne ke sa ka tsoro. Amma za a duba."

Aka yi shekara tara ana dubawa. Kasuwa ta bunƙasa, sahu ya kai mutum sittin, hanyar dutse ta cushe da ciyawa. Malam Yahuza ya fara rubuta abin da ya iya da hannunsa, amma abin da ake ƙullawa a yini ya fi abin da tsoho zai rubuta a wata, ga idonsa ya soma hazo. Ya bari.

A damina ta tara zazzaɓi ya ɗauke Cindo, tsohon dillalin da ke riƙe da hanyar Gwanja. Aka yi masa sutura da safe, aka binne shi tare da rumfa ɗari uku. Bayan kwana biyu Tanimu ya iso da ayarinsa, ya tarar wani attajiri mai suna Gambo ya baza kaya a rumfarsa ta gindin rijiya, wadda shi Tanimu ya samu da musaya shekara bakwai da suka wuce, don goro yana son inuwa da ruwa. Ba wanda ya riƙe wannan musaya sai Cindo.

Suka durƙusa a fada, aka miƙa wa Tanimu ƙoƙo. Sarki ya ce, "Rumfar gindin rijiya ta wane ce?"

Mutanen sahu suka juya suna duban gurbin Cindo. Ba a taɓa ganin haka ba tun da aka kafa sahun. Sai Nomau, maroƙin da ke riƙe da hanyar Borno, wanda bai san komai ba a kan Gwanja amma ya san hannun Gambo da kyauta, ya gyara murya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ta Gambo ce, gadon kawunsa, tun shekarar fara." Ya faɗa da irin muryar da ake faɗin gaskiya, ba gargada.

Sarki ya juya ya ce, "Haka ne, Malam?"

Malam Yahuza ya dubi Tanimu. Ya ga madugu yana kurɓar ruwan kaɗan-kaɗan, kamar mai shan magani, don ya ba abokinsa lokaci. Malam yana tuna an taɓa yi masa zancen musayar a hira, amma hira ba hujja ba ce a fada. In ya ce a aika dutse, rabin yini ne, kuma takardar da ke can ta girmi musayar da shekara biyu. In ya ce bai sani ba, rawaninsa ya tafi, rumfar ma ba za ta dawo ba. Ya auna duka, kamar yadda masu ilimi kan auna abin da suka riga suka yanke. Ruwa ya rage kurɓi ɗaya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, haka aka haddace."

Tanimu ya shanye sauran, ya kife ƙoƙon a hankali, ya ce, "Na gode, Malam. Wancan karon kwana shida na yi kafin in rasa kayana. Yau ko zama ban gyara ba." Ya yi gaisuwa ya fita.

Sarki ya yi farin ciki ƙwarai, don ya ga mutum ya mutu amma sahu bai tsaya ba, abin da ya tabbatar masa da cewa tun farko babu buƙatar abokin hadda. Ya sa aka kawo alkyabba da doki aka ba Malam Yahuza, aka kuma ƙara wa Nomau hanyar Gwanja a kan tasa. Sannan ya dubi jama'a ya ce, "Ku shaida, adalcin sarki shi ne kada mai haƙƙi ya tsufa yana jiran haƙƙinsa, kuma ƙasar da take girmama masu hikima ba za ta rasa amsa ba."

Fadawa suka ce gaskiya ne. Malam Yahuza ya sa alkyabbar, ta yi masa daidai.

Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka da rawaninsa a ka, yana kallon mahaddatan farko suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ana cike gurbinsu da masu sakakken harshe. Har ya rasu ba a taɓa barin wani madugu ya jira ba a Kaurare. Amsa takan fito nan take, wani lokaci ma takan zo daidai.