Ƙafar Abiliyo da Kazar Malam Hambali

Abiliyo Serodiyo ɗan ƙasar Portugal ne, saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya, kuma in dai ƙwallon ƙafa ake magana, Allah ya yi masa baiwa. Yana da gudu, yana da yanka, in kuwa ƙwallo ta hau ƙafarsa ta hagu, gola sai addu'a. Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne: ba ya iya jira. Shayi da zafinsa yake kurɓa ya ƙona baki. In bas ta yi jinkiri sai ya kama hanya a ƙasa yana ƙunƙuni, bas ɗin ta zo ta wuce shi. Komai so yake a yi shi yanzu-yanzu.

A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da aka fara barin 'yan wasan ƙasashen waje su shigo Ingila, wani ƙaramin kulob na arewacin Landan ya ɗauko shi daga garinsu na bakin teku. Ya riga ya buga wa ƙungiyar matasan ƙasarsu, amma babbar ƙungiya ce ke hana shi sakat. Ba shi da zance sai ranar da zai sa jar rigar ƙasarsa a gaban mahaifinsa.

Kulob ɗin ya kama masa ɗaki a saman bene a gidan Dakta Uwaisu, a unguwar Tottenham. Dakta Uwaisu Bakano ne, likita a wani asibiti, mutum mai sanyin magana. Matarsa Hajiya Zinatu kuwa, da yake 'ya'yanta suna makarantar kwana, sai ta riƙe Abiliyo kamar ɗan cikinta. Ta koya masa cin tuwo da miyar kuka, shi kuma yana kiranta Mama.

Wata Asabar cikin sanyi, ana wasa a fili mai taɓo, wani ƙaton ɗan baya ya yi masa shiga ta mugunta. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ga ƙwaurinsa na hagu ya tsage. Aka sa masa siminti tun daga gwiwa har idon sawu. Dakta Uwaisu ya ɗaga hoton a hasken taga ya duba da kyau.

"Ka gode wa Allah, tsagewa ce, bai rabu ba," in ji shi. "In ka zauna kamar wata biyu, zai haɗe kamar ba a yi ba. In ka matsa masa kuwa, ba na so in faɗa maka abin da zai biyo baya."

Wata biyu. Ga Abiliyo daidai yake da shekara biyu.

Ana cikin haka aka bugo masa waya daga Lisbon. Mataimakin kocin babbar ƙungiyar ƙasarsu ne. Ya ce sunansa na cikin waɗanda ake dubawa, kuma a ƙarshen wata zai zo Landan da kansa ya kalli wasansa kafin a fitar da sunaye. Ya tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Abiliyo ya kalli simintin da ke ƙafarsa, ya ce garau yake.

Hajiya Zinatu ba ta jin harshensu, amma ta ga yadda ya kalli simintin kafin ya ajiye wayar. Ta tsare shi da tambaya har ya faɗa mata.

"Ka gaya masa ka ji ciwo?"

"Mama, in na faɗa sai su ɗauki wani. Ba za su sake kirana ba."

"To yanzu da wace ƙafar za ka buga?"

Ya ɗauki sandunansa ya haura ɗakinsa. Daga ranar gaban Hajiya bai daina faɗuwa ba.

A makon ne yayanta Alhaji Maje ya sauka daga Kano. Lokacin kuɗin mai ya ɓarke a Najeriya, kuma Alhaji Maje na cikin 'yan kwangilar da abin ya yi wa kyau. Yana da gida a Marylebone, yana zuwa Landan kamar mai zuwa Zariya. Mutumin kirki ne, mai sakin hannu, sai dai shi a ganinsa babu matsalar da tikitin jirgi ba zai magance ba. Da ya ji labari sai ya tafa hannu.

"Haba, wannan ai aikin Malam Hambali ne. Mai ɗorin nan na bayan gidanmu. Direbana da ya karye, shi ya tayar da shi. Gobe sai in sa a yi masa booking ɗin jirgi."

"Alhaji, a bar yaron nan da simintinsa," in ji Dakta Uwaisu. "Ban raina Malam Hambali ba, na san aikinsa. Amma ko shi ba zai sa ƙashi ya yi sauri ba."

"Yaya, ka ji abin da Dakta ya ce," in ji Hajiya Zinatu.

"Ke dai bari ya zo ya duba. Dubawa ai ba ta ɓata komai."

Abiliyo ya tsinci kalmar ɗori a bakinsu, aka fassara masa, shi ke nan ya riƙe ta. Ranar da Malam Hambali zai iso, Dakta yana asibiti, Hajiya ta tafi kasuwa. Yaron nan ya shiga banɗaki, ya jiƙa simintin a ruwan ɗumi, ya sa wuƙar yanka burodi ya tsarge shi. Wallahi duk wanda ya san Abiliyo bai yi mamaki ba, amma abin da takaici.

Malam Hambali dattijo ne siriri, ya iso cikin kwat ɗin Alhaji da ta yi masa yawa, yana rawar ɗari. Da ya ga ƙafar tsirara, ya ga ɓaraguzan siminti a kwandon shara, sai ya girgiza kai.

"Hajiya, wa ya cire?"

"Shi da kansa, Malam."

"Da an bar shi. Aikin Turawan nan bai ɓaci ba. To amma tunda an kai nan, sai mu ɗaure."

Ya yi bismilla, ya shafa man shanu da magani, ya jera kara ya naɗe. Sannan ya ce a samo masa kaza mai rai. Al'ada ce da ya gada daga mahaifinsa: in ya yi wa mutum ɗori, sai ya karya ƙafar kaza ya ɗora ta a rana guda, ya riƙa duba aikinsa a jikinta. Sai da direban Alhaji ya fita bayan gari ya samo wata jar kaza a wata gona. Aka yi mata ɗori, aka ajiye ta a akwatin katako a bayan gida, maƙwabta suna leƙe ta labule.

Kafin ya koma, Malam Hambali ya zaunar da Abiliyo, Hajiya tana fassara.

"Samari, ka saurara. Ranar da kazar nan ta taka, alama ce ɗori ya kama hanya. Daga ranar sai ka fara dafa ƙasa a hankali, da sanda. Ban ce gudu ba. Ban ce tsalle ba. Kaza ba ta da nauyi, kai kuwa namiji ne. Gudu sai ka ƙara wata guda a kai, ko fiye."

Hajiya ta faɗa masa duka, kalma ba ta rage ba. Ya gyaɗa kai. Amma rabin farko kawai ya shiga kunnensa.

Daga nan rayuwar gidan ta koma kan kaza. Da safe kafin kowa ya tashi, Abiliyo na bayan gida cikin yayyafi, ya dogara sanduna, ya zuba mata ido. Ita kuwa tana kwance, ta naɗe ƙafa. Ya daina cin abinci sosai, ya rame, idanunsa suka faɗa. Kullum sai ya tambayi Hajiya yau nawa ga wata. Da ya ga ƙarshen wata na matsowa, sai ya fara zuba mata tsaba nesa da akwatin, don yunwa ta tilasta wa kazar tashi. Hajiya ta kama shi yana zungurinta da sanda.

"Kai Abiliyo, ka ji tsoron Allah. Ita ma ba za ka bar ta ta warke ba?"

"Mama, ta iya tafiya, ƙiwa take."

Saura kwana kaɗan wasan, kaza ta miƙe, ta ɗingisa ta kai ga tsabar. Abiliyo ya shigo gida yana dariya har da hawaye. A ranar ya kwance karan, ya jefar da sanduna. Ya je ya gaya wa manajan kulob cewa likitan nan mai masaukinsa ya duba shi ya ce ya warke sarai. Manajan na cikin matsi, ana ta cin su, bai tsaya dogon bincike ba. Zafin kuwa da yake ji, wani abokin wasansa ya kai shi wurin wani mutum da ke yi wa 'yan wasa allurar kashe zafi a ɓoye.

Da Dakta Uwaisu ya gane, ransa ya ɓaci yadda Hajiya ba ta taɓa gani ba.

"Da sunana ka yi ƙarya? Ni na ce ka jira, Malam Hambali ya ce ka jira. Wa kake bi?"

"Kaza ta taka, Dakta."

"Kaza ta ɗingisa zuwa abinci. Kai za ka yi gudu ana kai maka duka."

Dakta ya buga waya kulob ya faɗa musu gaskiya. Manajan ya kira Abiliyo, ya sa shi ya yi gudu ya yi tsalle a gabansa. Da yake an yi allura, ko yatsina fuska bai yi ba. Manajan ya ce shi abin da idonsa ya gani zai bi.

Ranar Asabar Hajiya Zinatu ta ce sai ta je, ita da ba ta taɓa shiga filin ƙwallo ba. Ta zauna kusa da mijinta ta ƙanƙame carbi, ba ta kallon ƙwallo, ƙafar hagun yaron kawai take bi da ido. Duk takun da ya yi sai ta ji shi a ƙirjinta. Can sama, wani mutum mai baƙar kwat yana zaune shi kaɗai, shi ne baƙon Lisbon.

Gaskiya Abiliyo ya yi wasa. Ya yanke mutum biyu ya ba da ƙwallo aka ci, fili ya ɗauki sowa. Hajiya har ta fara cewa ko Allah zai rufa asiri. Ana dab da tafiya hutu aka jefa masa wata doguwar ƙwallo, ya bi ta a guje, ya kafa ƙafar hagu zai juya. Ba wanda ya taɓa shi. Waɗanda ke kusa da layi sun ji ƙarar kamar an karya busasshen ice. Ya faɗi, ya ɗago kai ya kalli ƙafar, ya ga ta lanƙwashe inda babu gaɓa.

An yi masa aiki har sau uku. An ceto ƙafar, amma ta gajarce, kuma likitoci suka ce zancen ƙwallo ya ƙare.

Baƙon Lisbon ya zo asibiti kafin ya koma. Hajiya na zaune a gefen gado. Ya yi magana a hankali da harshensu, ya dafa kafaɗar yaron, ya fita. Abiliyo ya juya fuska bango.

"Me ya ce maka?" in ji Hajiya.

"Ya ce me ya sa ban gaya musu na ji ciwo ba. Wanda ke buga wurina ya tsufa, baɗi zai ajiye. Ni suke shirya wa wurin. Ya ce da na faɗa, da sun jira ni."

Hajiya Zinatu ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Bayan 'yan watanni ita da Dakta suka raka shi filin jirgi, yana dogara sanda. Bai sake buga wasa ba, kuma bai taɓa sa rigar babbar ƙungiyar ƙasarsa ba.

Mai karatu, darasin a bayyane yake. Abiliyo bai rasa masu gaya masa gaskiya ba. Likita ya ce ya jira, mai ɗori ya ce ya jira, amma ya tsinci abin da ya yi masa daɗi a maganarsu ya watsar da sauran, sannan ya rufe da ƙarya. In an ba ka shawara, ka ɗauke ta duka, har da ɓangaren da ba ka so. In kana da rauni, ka faɗa, don sau da yawa waɗanda kake tsoron za su guje ka a shirye suke su jira ka. Abin da sai da lokaci yake yiwuwa, gaggawarka ba za ta matso da shi ba, sai dai ta raba ka da shi gaba ɗaya.