Kin Tashi Lafiya, Malam?

Akwai wani bawan Allah a garin Germantown, can jihar Maryland ta Amurka, ana ce masa Malam Bashar. Injiniyan kwamfuta ne, Litinin zuwa Juma'a yana ofis. Ranar Asabar kuwa shi ke koya wa 'ya'yan Hausawa harshen iyayensu, a wani ɗaki da iyayen suka kama haya. Yara ne haihuwar can, ka yi musu Hausa su ji, su ba ka amsa da Turanci.

Mutumin ya iya aiki, wannan ba zan rage masa ba. A shekarar 2016 ya kafa allon lantarki a ajin, ya ba kowane yaro madanni mai maɓalli biyu, kore da ja. Yaro zai faɗi jimla a makirufo, a naɗi muryarsa, a sake kunnawa, sauran su danna: kore in ya yi daidai, ja in ya yi kuskure. Nan take sakamako ya fito a allo. Ba mai gyangyaɗi a ajin nan. Sai dai fa Malam akwai ji da kai, ko kusa ba a gaya masa gaskiya.

Wata rana Aliyya, wata ma'aikaciyar jinya, ta kawo 'yarta Ramla mai shekara tara.

Ta ce, "Malam, mahaifinta ya rasu tun tana rarrafe. Kakanta Baba Maitama yana kwance a Haɗeja, jiki ya yi nauyi, kuma ko ɗigon Turanci ba ya ji. Burinsa ya ji jikarsa ta gaishe shi da Hausa. Shi ke nan abin da ya kawo mu."

Malam ya ce, "In dai wannan ne, ki ba ni wata ɗaya."

Ramla ta ba da himma kamar me. Asabar ta uku, da aka zo darasin gaisuwa, ita ta fara ɗaga hannu. Ta karɓi makirufo tana murmushi, ta faɗi abin da ta yi kwana bakwai tana haddacewa saboda kakanta.

"Ina kwana, Malam. Kin tashi lafiya? Yaya jikinki?"

Jama'a, ku duba min Allah. Gidansu daga ita sai uwarta sai innarta Furera. Tunda ta buɗe ido "ke" da "kin" take ji, ba ta taɓa jin an yi wa namiji magana a gidan ba. Gyaran minti ɗaya ne: ki ce "ka", ki ce "jikinka". Amma sai Malam ya ji an taɓa masa girma.

Ya ce, "Ni? Da gemun nawa? To 'yan aji, ku danna!"

Ja goma sha bakwai suka bayyana a allo. Bai tsaya nan ba. Ya ɗora hotonsa a allon, ya zana wa kansa ɗankwali da ɗankunne, ya sake kunna muryar yarinyar har sau huɗu. Yara suka yi ta dariya har da bugun tebur. Ramla tana tsaye da makirufo a hannu, ba ta ma gane laifin da ta yi ba, don har aka tashi bai gaya mata ba.

Da yamma ya tura bidiyon abin, wanda ya ɗauka a aji, a guruf ɗin iyaye, ya rubuta, "Yau an ɗaura min zani." Manya da hankalinsu suka yi ta tura wa juna. Mako bai zagayo ba, a wani bikin suna a Springfield, mata suka taryi Ramla da shewa: "A'a, ga Kin-Tashi!" Yarinya ta shige banɗaki ta kulle, sai da za a tafi ta fito.

Aliyya ta kira shi a waya. "Malam, don Allah ka cire bidiyon nan. Ko abinci ta ƙi ci."

Ya ce, "Haba Hajiya, raha ce fa. Koyarwar zamani ke nan, da kuskure yaro yake koyo. Ke dai ki tsaya a kan allurarki, ki bar mu da namu."

Wallahi da na zo nan sai da raina ya ɓaci.

Asabar ta gaba Ramla ba ta zo ba. Malam ya ɗaga makirufo ya ce, "Wa zai fara?" Kowane yaro ya maƙale hannu a ƙarƙashin tebur, don sun ga abin da ake yi wa mai ɗaga hannu. Ya kawo sabbin wasanni a allo, ya kawo alewa, ya yi faɗa, duk a banza. Iyaye suka fara cewa yara suna kuka in gari ya waye Asabar. Cikin wata biyu aji ya koma mutum biyar.

Sai ya ce bari ya je ya dawo da Ramla. Ba nadama ce ta kai shi ba, so yake iyaye su ga komai ya wuce. Da ya isa gidansu, ya hau bene ya tarar da takalma jibge a ƙofa, mata cike da falo, kowa ta yi jugum. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama.

Aliyya ta fito, idonta jawur. Ba ta ce masa ya shigo ba.

Ta ce, "Baba Maitama ya rasu shekaranjiya. Ranar Laraba ya sa aka kira mu, aka kara masa waya a kunne. Minti huɗu yana cewa, 'Ramlatu, yi magana mana in ji ki.' Ta riƙe wayar da hannu biyu, bakinta yana motsi, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Ta ce min tsoro take kar ta yi kuskure shi ma ya yi mata dariya."

Kunya da baƙin ciki suka kama Malam. Da ƙyar ya ce, "Ko zan iya ganinta in ba ta haƙuri?"

Aliyya ta ce, "Ba ta haƙurin da Turanci, Malam. Ta ce kar wanda ya ƙara yi mata Hausa."

Darasi: Allon lantarki da makirufo ba su ne malami ba, tausayi ne malami. Yaron da ya yi ƙarfin halin buɗe baki ya yi kuskure, gyara yake buƙata, ba dariya ba, kuma in ka kashe masa gwiwa sau ɗaya, ba lallai ka iya tashinta ba. Ku tura wa malamai da iyayen da kuka sani, musamman masu saurin yaɗa bidiyon yara.