Sunan Ƙanin Tasi'u

Ku gyara zama, yau ma abin gardama na kawo muku.

A ƙauyen Gidan Marke akwai wata mata mai suna Uwani, da ɗanta Tasi'u ɗan shekara shida. Yaron yana da farfaɗiya, ba ya magana, kuma ba abin da yake tayar masa da hankali kamar hayaniya. Likitan da ke duba irinsu sau ɗaya yake zuwa asibitin gari a wata, ranar Litinin, ranar kasuwa, lokacin da zauren jira ke cika maƙil.

Uwani takan yi sammako ta ajiye kati ta hau layi. Da zaure ya cika, sai Tasi'u ya toshe kunnuwa yana ihu yana buga kai da bango. Mutane kuwa, kun san halinmu, sai kallo da tsaki. Dole ta goya shi ta fita gindin darbejiya ta lallashe shi. Kafin ta dawo an kira sunanta an wuce, sai a ce ta dawo wata mai zuwa. Sau uku ana haka. Magani ya ƙare, yaro yana faɗuwa kullum, ran nan saura ƙiris ya faɗa murhu. Uwani ta sha kuka, ta ce ita da asibiti har abada.

To, akwai Baba Tanko mai gadin asibitin. Bai yi boko ba, amma Allah ya ba shi ido. Ya lura ba Uwani kaɗai ba ce, mata bakwai ne ke tsayuwa gindin bishiyar nan da yaransu, kuma haka suke komawa gida ba a duba su ba. Ya tuɓe takalmi ya shiga ofishin shugaban asibitin ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda suka fi buƙatar likitan nan ba sa cikin zaure, suna waje." Aka ce ya koma bakin ƙofarsa. Ya koma, ya sake dawowa, ya sake dawowa, har wani ma'aikacin jinya, Malam Yusha'u, ya gaji ya fito ya gani da idonsa.

Abin ya tsaya wa Malam Yusha'u a rai. Wata biyu yana zarya daga wannan ofis zuwa wancan, har abokan aiki suka laƙaba masa lauyan gindin darbejiya. Bai fasa ba sai da aka sa likitan ya ware wa yaran safiyar Laraba, a wani ɗaki shiru can baya, kowane yaro da lokacinsa, babu layi. Larabar nan kuwa ranar hutun Malam Yusha'u ce, ya sadaukar.

Larabar farko likita ya zauna har azahar, ko mutum ɗaya bai zo ba. Ashe an manta mota ba ta shiga ƙauyukan nan sai ranar kasuwa! Likita ya ce in aka sake haka, an soke tsarin. Sai labari ya kai kunnen Isiyaku direba, mai tsohuwar bas ɗin nan da ba ta tashi sai an tura. Da ranar ta sake zagayowa, ya bar lodin tasha, ya bi ƙauyuka biyar yana ɗauko su, ya kashe rediyo, ya haƙura da oda, shi da ko kaza ya gani sai ya danna. Uwani ta ƙi fitowa. Ya tsaya ƙofar gida ya ce, "Maman Tasi'u, ki daure. Ko ke kaɗai ce zan kai ki."

Ta fito. Cikin rabin awa aka duba Tasi'u, ko kuka bai yi ba. Yau wata biyar bai faɗi ba, har ya fara zama cikin yara yana wasan ƙasa. Uwani takan tsaya tana kallonsa, farin ciki ya sa ta hawaye.

Makon nan ta haifi namiji. Mijinta Malam Bawa ya ce, "Uwani, ke kika sha wahalar nan, ke za ki zaɓa. A cikin mutanen nan uku za mu yi wa ɗaya takwara." Gobe suna, har an ɗaure rago, Uwani ta rasa wanda za ta zaɓa.

To, jama'a, ku fitar da ita: Tanko, Yusha'u ko Isiyaku, sunan wa ya fi dacewa a raɗa wa jaririn nan?