Shaidar Wake a Fadar Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku, 'ya'yana!

Ta zo mu ji ta, Inna!

Ruwan rafi ya ɓaci, kifaye suna ta mutuwa. Kura mai majema a bakin rafin ta ce ƙazantar kwaɗi ce. Zaki ya ce a kore su.

Uwar Kwaɗi ta zube gabansa: "Ranka ya daɗe, a gwada tukuna!"

Ta ɗebo ruwan unguwarsu, ta ɗebo na bayan majema, ta jiƙa wake a kowanne. Kwana uku, na unguwarsu ya tsiro, alhamdulillahi, ɗayan kuwa ya ruɓe!

Kura ta ce, "Yau kuma wake ne shaida?"

Zaki ya ce, "To bisimilla, kurɓi ruwan bayan majemarki mu gani."

Kura ta ranta a na kare! Nan take aka kafa doka: ba jimar fata kusa da ruwan sha.

Ƙurunƙus, kan kusu a ƙoƙon wake!