Telar da ta daina dariya

Akwai wata tela da ake kira Anti Mai Keke, wadda ake jiyo dariyarta tun daga bakin layi. Bayan haihuwarta ta uku, sai shagon ya yi tsit.

Ba wanda ya ɓata mata rai. Da ta yi dariya ko atishawa, sai fitsari ya ɗigo mata. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa, sai ta zama likitar kanta: ta rage shan ruwa, in an yi abin dariya ta cije leɓe. Abin tausayi, har masu kawo ɗinki suka fara cewa ta soma girman kai.

Yayarta ungozoma ce. Ranar da ta zo karɓar riga, ta ga leɓen ƙanwar a bushe, ta tsare ta da tambaya har ta faɗa.

Yayar ta ce, "Shi ne za ki kashe kanki da ƙishirwa? Naman da ke tallafe mafitsara ne ya saki, kuma yana komawa. Ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar, ki saki. Goma-goma, sau uku a rana. Kada ki riƙe numfashi, kuma ba lokacin fitsari ake yi ba."

"Yaya, shi ke nan maganin? Ko allura babu?"

Kwana huɗu ta gwada, ba ta ga komai ba, ta watsar. Da yayar ta ji sai ta ce, "Ke da kike faɗa da masu gaggawar ɗinki? Wata tara jikin nan ya yi yana dako, ki ba shi ko wata uku mana."

Ta koma. Safe, rana da yamma, ba ta taka keke sai ta cika gomanta.

A wata na uku, wata dattijuwa ta gwada sabuwar riga, ta sa ta a baibai, tana ta yabon aljihun da ya koma baya. Dariya ta ƙwace wa Anti Mai Keke har da riƙe ciki. Can ta tuna, ta yi cak. Ko ɗigon fitsari babu, a bushe take. Sai ga hawaye, dattijuwa na ta ba ta haƙuri, ba ta san na murna ne ba.

Darasi: Ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani, kuma jikin mai jego da haƙuri yake komawa. In abin ya ƙi, a je asibiti. Ku tura wa 'yan'uwa mata, wata na can ta yi shiru da irinsa.