Wasan Dara da Baƙon da Ba a Gayyata Ba

Akwai wani matashi a garin Batsari mai suna Abdulwahab, ɗan Baba Armaya'u mahauci. Shi da ƙanwarsa Tayyiba, wadda ke koyarwa a wata Islamiyya a Safana, suka ƙirƙiro wasan dara na waya. Shi ne mai haɗa manhajar, ita ke zane. Ta zana gurabun darar a kan rairayi, da 'yan tsakuwa da karare, tamkar yadda dattawa ke bugawa a gindin bedi.

Wasan ba ya cin data, don haka ya karɓu. Kuma kun san yadda abu ke yawo a wajenmu: ba kowa ke saukewa daga intanet ba. Ranar kasuwa mutum zai kai wayarsa caji rumfar Maude, ya ce a tura masa darar nan. Ya koma Darini ya tura wa maƙwabcinsa, shi kuma ya tura wa surukinsa na Tsaskiya.

Suna ya yi suna, amma ko sisi bai shigo ba. Ga kwamfutar Abdulwahab ta tsufa, sai an tokare murfinta da bulo take tsayuwa, in ta yi zafi kuma ta ɗauke. Kowa ya san ranar da ta mutu, aikin ya tsaya.

Ana haka sai ga saƙon imel daga wani kamfani da bai taɓa jin sunansa ba. Suka yabi wasan, yabo har da na wuce gona da iri. Buƙatarsu ɗaya ce: ya cusa wata 'yar manhajarsu a cikin wasan, duk wanda ya sa dara ita ma ta bi shi. Kuɗin da suka ambata ya isa sabuwar kwamfuta har da sola.

Abdulwahab ya hau babur sai Safana, bakinsa har kunne.

"Tayyiba, kakarmu ta yanke saƙa!"

Ta karanta saƙon sau biyu, ta ɗago kai. "Yaya, me manhajar take yi?"

"Sun ce 'yan tallace-tallace ne kawai."

"Tallar me?"

"Ke dai kin cika bin diddigi. Talla ai talla ce."

"To in alheri ce, me ya sa suke so ta shiga a ɓoye? Baƙon kirki ai sallama yake yi."

Ransa ya ɓaci. Ya ce ita tana da albashinta, shi ne ke fama da kwamfutar da ke numfashi da ƙyar. Maganar ta yi mata zafi, amma ta haɗiye, ta ce su kai wa Baba.

Suka same shi a rumfarsa yana gyaran nama. Baba Armaya'u bai san manhaja ba, bai san imel ba. Ya saurare su har suka gama, ya goge hannu, ya zaro wayarsa daga aljihu.

"Ni a sana'ata, naman da ba zan kai gidana a dafa ba, ba ya hawa tirena. Sa mini abin a nan. In na kwana uku da shi lafiya, ka karɓi kuɗinsu."

Abdulwahab ya yi dariya, ya sa masa. A ransa yana cewa an gama.

Ranar farko batir ya ƙare kafin azahar. Rana ta biyu datar da Baba ya saya ta wata guda ta tafi kamar an zuba ruwa a rariya. Wani mai bikin suna ya yi ta kira zai ba da aikin raguna biyu, wayar ta sanƙare da talla ta ƙi ɗauka, mutumin ya kai wa wani mahaucin.

Rana ta uku ita ce ta ƙure. Bayan la'asar Baba na zaune da limamin unguwa a ƙofar masallaci, ya miƙa masa wayar don ya ji wani karatu. Liman na karɓa, sai tallar caca ta cika fuskar wayar, da hoton wata mata da ba ta da suturar kirki, ga kiɗa na tashi. Aka danna ta ƙi fita. Liman ya kawar da kai yana salati, ya ajiye wayar a kan tabarma.

Wallahi ko ni da aka ba labarin sai da na ji kunyar ta kama ni.

Baba ya dawo gida bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ya ajiye wayar a gaban ɗansa.

"Wannan waya ɗaya ke nan, ta tsoho mai furfura. Wayoyi nawa darar taku take ciki?"

Abdulwahab ya sunkuyar da kai. "Za su kai dubu huɗu, Baba."

"A ciki har da na matan aure da ke miƙa wa yaransu?"

"Har da su."

"In ka sake shi ya bazu, kana iya bi gida-gida ka karɓo?"

Abin da ya bi hannu zuwa hannu har Tsaskiya, wa zai dawo da shi? Tayyiba na zaune a gefe, ta zo gida ranar. Abdulwahab ya juya ya ce, "Tayyiba, ki yafe mini maganar da na faɗa miki."

A ranar ya rubuta wa kamfanin cewa ba ya so. Suka ninka kuɗin. Ya sake cewa a'a. Bayan sati biyu kwamfutar ta ɗauke, ɗaukewar da ba ta dawo ba. Abokai suka yi ta yi masa tsiya, wai ga wanda arziki ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya saka sakata. Wata uku yana taya Baba a rumfa, in ya tuna sai ya ji kamar ya yi kuka.

Ashe kamfanin bai tsaya a kansa ba. Wasu masu wasannin sun karɓi tayin, abin ya shigo gari ta wajensu. Rumfar Maude ta cika da masu ƙorafi: wannan batir, wannan data, wannan matarsa ta ga hoton banza a wayarsa an kwana biyu ba a ga maciji. Maude ya yi ta goge wasanni har ya gaji. Daga ƙarshe ya kafa doka a rumfarsa, sauran masu caji na Batsari da Safana suka bi.

Maude ya faɗa wa Abdulwahab a gaban jama'a: "Duk wasan da aka kawo sai na gwada shi kwana biyu. Naku ne kaɗai nake turawa ido rufe."

Masu dara suka ninka. Sai Tayyiba ta kawo shawara: tunda 'yan kasuwa na son a san su, a rubuta sunan shago a gefen filin darar, a fili, ba leƙe ba ɓoye, kuma sai shagon da suka sani. Mai taki ya shiga, mai gyaran babur ya shiga, mai sayar da atamfa ta shiga. Da kuɗin da suka biya tun kafin a fara aikin, kafin kaka Abdulwahab ya ɗauko sabuwar kwamfuta daga Katsina, fil a kwalinta.

Amma kun san wanda ya fara biya? Baba Armaya'u. Ya ce shi ma ɗan kasuwa ne, ba ya son alfarma.

Ranar da sabon wasan ya fito, ya tafi ƙofar masallaci da wayarsa. Liman na ganin ya miƙo ta ya ja da baya.

"Armaya'u, ka rufa mini asiri!"

Baba ya tuntsire da dariya. "Karɓi, Allah gafarta Malam. Wannan ta ɗana ce."

Liman ya karɓa a tsorace. Ga filin dara, ga rubutu a gefe: Armaya'u Mai Nama, Kasuwar Batsari. Ya juya wayar, ya jira, ba abin da ya faɗo. Sai ya gyara zama ya ce, "To zauna in ci ka."

Darasi: Wanda ya sa abinka a wayarsa, ƙofar gidansa ya buɗe maka, kada ka shigo masa da baƙon da kai kanka ba za ka saukar a gidanku ba. Kuɗin cin amana na rana ɗaya ne, yardar mutane kuwa ita ke ciyar da mai sana'a har tsufa. Ku tura wa matasanmu masu harkar manhaja, da duk wanda aka taɓa yi wa tayi mai maiƙo.